Fasa tsakuwar bututun fitsari ba tare da wuƙa ba

Tsakanin kowace ƙoda da mafitsara akwai wani siririn bututu mai tsawon kusan santimita 25 zuwa 30, faɗinsa kuwa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Idan tsakuwa ta taso daga ƙoda ta maƙale a cikinsa, mutum kan ji wani irin ciwo a kwiɓi da ke sauka har mara, ga amai, wani lokaci ga jini a fitsari. Ba ya iya zama, ba ya iya kwanciya. Galibin tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba takan fita da kanta idan an sha ruwa da maganin rage zafi. Wadda ta ƙi motsi ita ce matsala.

A da, yawanci sai an tsaga mutum a ciro ta. A watan Fabrairun 1980, likitoci a birnin Munik na Jamus suka fara amfani da wata na'ura da kamfanin Dornier ya ƙera, kamfanin da asalinsa jiragen sama yake yi. Na'urar tana harba bugun sauti mai ƙarfi daga wajen jiki, a tattara shi a kan tsakuwar, ya ratsa fata da nama, sai ya kai ga abu mai tauri ya yi aikinsa. A farkon zamanin sai an zaunar da majinyaci cikin kwamin ruwa. Yanzu kwanciya kawai yake yi a kan gado, likita yana saita wurin da hoton ƙashi ko sikanin. Bugu dubu biyu zuwa dubu huɗu, cikin kusan awa guda, tsakuwar ta farfashe, ɓarɓashinta ya biyo fitsari a kwanaki ko makonni. Yawanci ranar ake komawa gida.

Sai dai ba kowace tsakuwa ce ke jin wannan bugu ba, kuma nan ne mutane ke ruɗuwa. Ya fi tasiri a kan wadda ba ta wuce santimita 1 ba, musamman a saman bututun. Mai tauri sosai, ko wadda ke jikin mai ƙiba, takan buƙaci a maimaita, ko a koma ga zura siririn madubi ta hanyar fitsari a fasa ta da hasken leza. Wannan hanya ta biyu ta fi gamawa a zama ɗaya, amma galibi sai an yi wa mutum allurar barci. Mai juna biyu, da mai shan maganin tsinka jini, da mai cutar fitsari da ba a magance ba, ba a yi musu bugun.

Bayan aikin, jini kaɗan a fitsari na 'yan kwanaki ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne zazzaɓi da rawar jiki, ko fitsari ya tsaya, domin ɓarɓashin kan taru ya toshe bututun.

Mu da muke zaune cikin zafin Sahel, gumi yana kwashe mana ruwan jiki, tsakuwa kuma takan dawo ko bayan an fasa ta. A yawaita shan ruwa, a rage gishiri. Wanda ciwon kwiɓi ya addaba, ya je a ɗauki hoto a san girman tsakuwar da inda take kafin ya fara shan jiƙe-jiƙe.