Masu sassaƙa silikon: sun ci kasuwar waya, sun sha kaye a talabijin

Duk wanda ya taɓa kwantar da wayarsa a gicciye don kallon ƙwallo ya ga yadda hoton ke juyawa da kansa. Abin da ke gaya wa wayar an juya ta wani ɗan ƙanƙanin ma'auni ne da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, kuma a cikinsa akwai wani yanki da ke motsi da gaske, yana reto kamar lilo. An sassaƙa shi ne daga silikon, sinadarin da ake tacewa daga irin farin dutsen da yashi ke fitowa daga gare shi.

Da wannan sana'ar sassaƙa ce masu bincike suka ƙera wani abu na biyu, wanda mutane kaɗan suka san da shi: tsinaye masu kaifin da ido ba ya gani, masu fitar da ilektiron ba tare da an zafafa komai ba. An yi shekaru ana cewa su ne za su zama talabijin na gobe. Kamfanoni sun zuba dukiya, sun tashi a tutar babu. Dalilin da ya sa ɗaya ya shiga aljihun kowa ɗayan kuma ya maƙale yana da amfanin sani, don tsinayen sun sake dawowa, wannan karon ta ƙofar asibiti.

Yadda ake sassaƙar ya yi kama da ƙunshin zamani. Mai lalle takan manna salatif a ƙafa, inda ta rufe ya zauna fari, inda ta bari ya kama. A masana'anta ana shafa wa faifan silikon wani ruwa mai jin haske, a haska masa zane, a wanke, sai zanen ya zama murfi. Daga nan a sa sinadari ya cinye wuraren da ba a rufe ba. A maimaita sau da yawa, sai ga ramuka, ginshiƙai da ƴan gadoji waɗanda ake aunawa da mikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashin mutum yana da kaurin mikiron kamar 70. Kuma tun da haske ne ke yin zanen, faifai guda yana fitar da dubban na'urori a lokaci ɗaya. Nan arahar take.

Tarihin ma'aunan ya fara a 1954, lokacin da Charles Smith ya gano a ɗakin binciken Bell na Amurka cewa idan aka matsa ko aka tanƙwara silikon, yadda yake barin lantarki ya wuce yana canjawa sosai. Ke nan ɗan siririn faifai na silikon zai iya auna matsin iska ko na ruwa. A 1979 Lynn Roylance da James Angell na jami'ar Stanford suka bayyana ma'aunin girgiza da aka sassaƙa daga silikon, kuma a 1982 Kurt Petersen na kamfanin IBM ya wallafa wata doguwar maƙala da ta ja hankalin injiniyoyi ga abin da ba su kula da shi ba: silikon yana da ƙarfi kamar ƙarfe, kuma idan ya tanƙwaru yana komawa daidai inda yake, ba ya gajiya.

Mota ce ta fara ba su kasuwa. A farkon shekarun 1990 kamfanin Analog Devices ya fitar da ma'aunin ADXL50 don jakar iska da ke fashewa gaban direba idan an yi karo. A cikinsa akwai wani ɗan nauyi da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba, rataye da ƴan siraran igiyoyin silikon, yana da haƙora kamar na matsefi waɗanda suka shiga tsakanin wasu haƙoran da ba sa motsi. Idan mota ta tsaya farat ɗaya, nauyin ya ɗan gusa, tazarar haƙoran ta canja, da'irar lantarki ta ji canjin ta ba da umarni. A daidai wannan lokaci Franz Lärmer da Andrea Urban na kamfanin Bosch a Jamus suka samo hanyar haƙa ramuka masu zurfi da bango a miƙe cikin silikon. Bayan na'urar wasa ta Wii a 2006 da wayar iPhone a 2007, sai abin ya zama ruwan dare. Yau hatta bakin maganar waya galibi ɗan fatar ganga ne na silikon.

Labarin tsinayen yana buƙatar a ɗan koma baya. Ilektiron su ne ƙananan ƙwayoyin da gudunsu cikin waya ake kira lantarki. Wasu na'urori suna buƙatar a fitar da su daga cikin ƙarfe, a harba su cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska. Haka tsohon akwatin talabijin mai doro yake aiki, haka kuma injin ɗaukar hoton ƙirji da ƙashi, wanda a ƙasashen renon Faransa aka fi sani da “radiyo”. Tsohuwar dabara ita ce zafi. A 1913 William Coolidge ya ƙera kwalbar hoton asibiti mai zaren tangistan irin na ƙwan lantarki, wanda ake zafafawa ya wuce digiri 2,000 har ilektiron su tashi daga jikinsa kamar tururi daga tukunya. Sama da shekara ɗari ke nan, kuma mafi yawan injinan da ke asibitoci a yau jikokin wannan kwalba ne. Tana aiki, amma sai an jira zare ya yi zafi, ba a iya kunna ta a kashe cikin ƙiftawar ido, kuma da wuya a jera irinta da yawa a ƙaramin wuri.

Akwai hanya ta biyu. Idan jan lantarki a fuskar ƙarfe ya yi tsanani ƙwarai, shingen da ke tsare ilektiron a ciki yakan yi siriri har su ɓulle ta cikinsa, ƙarfen yana nan da sanyinsa. Ralph Fowler da Lothar Nordheim ne suka yi lissafin wannan a 1928 a Ingila. Matsalar ita ce ƙarfin da ake buƙata: bolt biliyan uku zuwa biyar a kowace mita, wato kamar ninki dubu na abin da ke sa tartsatsi ya tsallaka busasshiyar iska. Babu mai iya samar da wannan tsakanin faranti biyu masu faɗi. Sai dai lantarki yana taruwa a tsini, dalilin da ya sa ake kafa ƙarfe mai tsini a kan dogayen gine-gine saboda aradu. Idan tsinin ya yi kaifi sosai, kuma abin da ke jan ilektiron ɗin yana kusa da shi ƙwarai, bolt ɗari ko ƙasa da haka ya wadatar.

Wannan shi ne abin da Charles Spindt na cibiyar binciken Stanford a Kaliforniya ya nuna a 1968. Ya ƙera ƴan tsinaye na ƙarfen molibdenam masu siffar dala, kowane yana zaune cikin rami mai faɗin mikiron ɗaya, bakin ramin kuma zobe ne na ƙarfe mai jawo ilektiron. Daga baya wasu suka koyi sassaƙa tsinin daga silikon ɗin kansa: a bar sinadari ya ci ta ƙarƙashin ɗan murfi har dala ta fito, sannan a gasa ta cikin iskar oksijin a ɓare ɓawon da ya yi, sai bakin ya rage ƴan nanomita, kashi ɗaya cikin dubu na mikiron.

Faransa ce ta fi kowa ɗaukar abin da zafi da farko. A shekarun 1980 ƙungiyar Robert Meyer a cibiyar LETI da ke Grenoble ta nuna allo marar kauri wanda bayan kowane ɗigon hoto akwai tarin tsinaye suna harba ilektiron kan sinadari mai ƙyalli. Hoton yana da kyau irin na tsohon talabijin, ga shi ba doro. A 1992 aka kafa kamfanin PixTech don sayar da fasahar, da masana'anta a Montpellier. Motorola da Candescent a Amurka, da Sony a Japan, duk suka shiga tseren. PixTech ya durƙushe a 2002, Candescent a 2004, kamfanin da Sony ya ɓalle don wannan aiki ya rufe a 2009, Canon kuma, wanda ya bi wata hanya mai kama da wannan, ya haƙura a 2010. Allon LCD, wanda mutane ke haɗawa da sauran su kira duka “filasma”, ya yi ta araha yana ƙara kyau a shekarun da su suke fama.

Sau da yawa ana tsayawa nan a ce kasuwa ce ta kashe su. Gaskiya ne, amma rabin bayani ne. Sauran rabin yana cikin lissafin Fowler da Nordheim. Yawan ilektiron da tsini ke fitarwa ba ya ƙaruwa sannu a hankali. Ƙarin ƙarfi kaɗan yana ninka shi sau da yawa. To a cikin tsinaye dubu da aka sassaƙa tare, ba za a rasa wasu da suka fi ƴan uwansu kaifi da nanomita ɗaya ko biyu ba. Waɗannan ƴan tsiraru su ne za su ɗauki kusan dukkan aikin, su yi zafi, su narke, wani lokaci su tafi da maƙwabtansu. Sauran kuwa suna zaune ba su fitar da komai ba. Ga kuma iska. Ko ɗan abin da ya rage a kwalba yana manne wa bakin tsini ya canja halinsa, ko ilektiron su buge shi ya komo ya daki tsinin ya dakushe shi. A allon talabijin, sinadarin ƙyallin da kansa yana fitar da iska idan ana harbinsa. Sannan faranti biyu na gilashi da babu iska tsakaninsu suna ɗauke da nauyin iskar waje, kusan tan goma a kowace murabba'in mita, don haka dole a jera ƴan ginshiƙai a tsakani waɗanda ba za su fito a hoto ba.

Ma'aunin waya bai gamu da irin wannan ba. Idan igiyarsa ta fi ta ɗan uwansa kauri kaɗan, amsarsa ma kaɗan za ta bambanta, kuma a masana'anta ana gwada kowane a rubuta masa gyara a ƙwaƙwalwarsa. Kuskuren sassaƙa da lissafi ke sharewa a ma'auni, shi ne yake ƙone tsini.

Maganin da aka daɗe ana nema shi ne a sa wa kowane tsini linzami. Mutanen Grenoble sun shimfiɗa wani siririn abu mai rage gudun lantarki a ƙarƙashin tsinayen, kuma ya taimaka. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙara matsa wannan tunani shi ne Farfesa Akintunde Akinwande, ɗan Najeriya da ya yi digirin farko a jami'ar Ife, ya yi na uku a Stanford, yake koyarwa a cibiyar MIT ta Amurka tun 1995. Masu bin siyasa za su tuna sunansa daga 2016, lokacin da aka zaɓe shi ya shugabanci hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, muƙamin da bai kai ga riƙewa ba. A ɗakin bincikensa an ɗora kowane tsini a kan dogon siririn ginshiƙi na silikon. Ginshiƙin yana aiki kamar ƙaramin bututun ruwa: komai ƙishin tsinin da ke samansa, iyakar abin da zai wuce ke nan. Masu kaifi ba sa ƙonewa, sai a ƙara ƙarfi har dakusassun ma su fara aiki.

Wata hanyar kuma ta bar silikon ɗin ta koma ga siraran bututun kabon da Sumio Iijima na Japan ya bayyana a 1991, waɗanda tun asali suke da tsini. Otto Zhou da abokan aikinsa a jami'ar Karolina ta Arewa sun yi amfani da su wajen ɗaukar hoton ƙashi tun farkon shekarun 2000. Kamfanin Micro-X na Ostireliya yana ƙera injin hoto mai taya da ake turawa gefen gadon majinyaci, nauyinsa kusan kilo ɗari, alhali irinsa na da yakan ninka haka sau uku ko fiye. A wani fagen ma nasarar ta daɗe da samuwa: manyan madubin ilektiron na ɗakunan bincike suna amfani da tsini guda ɗaya tak na tangistan, cikin kwalbar da aka zuƙe sarai, kuma da irinsa Albert Crewe ya ɗauki hoton ƙwayoyin zarra ɗai-ɗai a Chicago a 1970. Tsini ɗaya ba shi da ɗan uwan da zai fi shi kaifi.

Ga yankunan da mai tari ke yin tafiyar yini kafin ya kai inda ake hoton ƙirji, wannan bincike ba abin wasa ba ne, musamman tun da a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da manhajar kwamfuta ta duba hoton ƙirji wajen neman masu tarin fuka. Inji marar nauyi da ke kunnuwa nan take zai fi sauƙin kaiwa ƙauye. Kuma tun da ana iya jera maɓuɓɓugan ilektiron da yawa a kunna su ɗaya bayan ɗaya, ana iya ɗaukar hoto daga kusurwoyi daban-daban ba tare da wani ƙaton ƙarfe yana kewaya majinyaci ba.

Amma tallan kamfanoni yakan wuce gona da iri. Tsini mai sanyi ya kawar da zaren da ake zafafawa kaɗai. Har yanzu sai an harba ilektiron da bolt dubu goma-goma, hoton ƙirjin babban mutum yakan nemi sama da dubu ɗari, kuma idan suka daki ƙarfen da ke gabansu kusan kashi 99 cikin ɗari na ƙarfin zafi yake zama, kashi ɗaya ne ke zama hasken hoto. Hasken kuma shi ne dai na da, yana buƙatar kariya ga ma'aikaci da mai juna biyu kamar kullum. Ƙaramin inji ma ba lalle ne ya zama mai tsini ba, don ana yin masu sauƙin ɗauka da tsohon zaren Coolidge. Asibitin da aka kawo wa tayin sabon inji zai fi amfana da tambayar hoto nawa kwalbar ke ɗauka kafin ta gaji, nawa ne kuɗin sabuwa, kuma daga wace ƙasa mai gyara zai taso ranar da ta mutu.