Bakaniken Turbo: Mai Rage wa Sabon Inji Iska

Injin Sharon ko na Golf da ake saya a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko a Panteka ta Kaduna, ya sha tafiya kafin ya iso. Daga motar da ta gama aiki a Turai aka ciro shi, ya shigo a kwantena ta Legas ko Kwatano, sannan ya hau tirela zuwa Arewa. Tun da naira ta faɗi a 2023 kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi, har sai direban haya ya ci bashi ko ya jira ɗaukar adashi kafin ya iya saye. Shi ya sa ranar ɗora inji babbar rana ce a gareji, balle in mai turbo ne.

Turbo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke neman salansa shi ke juya ta farko, ta biyun kuma ta danna iska cikin silinda, mai ya ƙone da yawa, mota ta ja. Juyinta yakan wuce sau 100,000 a minti ɗaya. To amma injin da aka ƙera don fetur mai lamba 95 da sanyin Jamus, ga shi ya faɗo cikin zafin Afrilu, yana shan man da bai kai wancan ba, ƙura tana toshe masa matatar iska. In kuma an canza masa ringi da metal, suna bukatar lokaci su zauna. Iska ta yi yawa a wannan hali, sai fistan ya fara ƙwanƙwasa, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai.

A nan gwanin turbo yake shigowa, kuma abin da ya fi burge ni da shi, ba ya fara ɗaukar sifana. Geji yake fara ɗaurawa, ya sa yaronsa ya tuƙa, shi yana kallon allura. Injin 1.8T na Sharon, yadda kamfani ya fito da shi, iskarsa ba ta kai bar 1. In allura ta wuce ƙa'ida, sai ya bi sawu. Sau da yawa ƙaramin tiyo ne ya tsage ko aka juya shi wajen ɗorawa. Wani lokaci bawul ɗin N75 mai daidaita iskar turbo ne ya mutu, ko kuwa ƙwaƙwalwar motar ba ta dace da sabon injin ba. A na dizal irin TDI, baƙin hayaƙi ne ke daskarar da fukafukan cikin turbo, mota tana tsakiyar hawa sai ƙarfi ya ɗauke, sai an kashe an sake tayarwa. Wannan wanki yake so, ba juya noti ba.

Sai komai ya tabbata lafiya yake taɓa ƙofar hayaƙi. Wata 'yar ƙofa ce a jikin turbo, gwangwani mai sifirin yana riƙe da ita ta hanyar siririn ƙarfe. Ya sassauta noti, ya ƙara wa ƙarfen tsawo da zagaye ɗaya ko rabi, ƙofa ta riƙa buɗewa da wuri, wani hayaƙin ya wuce bai taɓa fanka ba. A sake fita titi, a sake duba geji. In ya zarce, ƙofa ta ƙi rufuwa sosai, mota ta zama kamar jakin da ya kwana da yunwa. Masu kwamfuta kan yi gyaran ta cikin ƙwaƙwalwa, amma na'urar da tsada.

Wahalar ba kaɗan ba ce. Turbo a matse take tsakanin inji da jikin mota, ga zafi, da wuya ka ga hannun mai wannan aiki babu tabon ƙuna. Ya yi shekaru yana wanke noti a gaban ogansa kafin a yaye shi, amma kuɗin aiki sai an yi ciniki, domin mai mota bai ga sabon ƙarfe ba. A cikin ɗan abin da ya samu zai ciyar da yara, ya biya kuɗin fili da na ƙungiya. Washegari kuma direba ya dawo da ƙorafi: "Oga, motar fa ba ta ja kamar jiya." Shi kuwa ya ce, "Yi haƙuri Alhaji, bari ringi ya zauna, in ka yi kilomita 1,000 ka dawo mu juye mai in mayar maka." A ganina wannan bakaniken ya fi wanda zai matse noti don a yabe shi yau, gobe a zo sayen wani injin.

Direba, in an ɗora maka inji mai turbo, ka sa baƙin mai na kirki, kada ka take totur da sanyin safiya, in ka dawo doguwar tafiya ka bar shi ya yi minti ɗaya ko biyu a silo kafin ka kashe. Wanda ya ɗaura maka geji kuma, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba.