Gidan Manyan Limamai da Ya Koma Laburaren Masu Sana'a

A tsohuwar unguwar Mare ta birnin Paris, dab da kogin Sen, akwai wani gidan dutse mai suna Hôtel de Sens. Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi bangon gabansa zai hangi harsashin igwa a maƙale, da kwanan wata a rubuce: 28 ga Yuli 1830, ranar tsakiya ta boren kwana uku da ya tunɓuke Sarki Charles na 10.

Akbishop Tristan de Salazar ne ya sa aka gina shi tsakanin 1475 da 1519. A lokacin cocin Paris na ƙarƙashin na garin Sens, don haka akbishop na Sens yana buƙatar masauki a babban birni. Mahaifinsa mayaƙi ne, kuma ginin bai ɓoye hakan ba. Ƙananan hasumiyoyi masu tsinin kai sun rataya a kusurwoyinsa kamar na masu gadi, ƙofar shiga mai bakan gizo ce mai tsini a sama, ga wata hasumiya mai kusurwa huɗu a tsakar gida. Amma tagogin saman rufin sun sha ado da sassaƙa. Rabinsa ganuwa, rabinsa fada. Gidajen zama na wancan zamani da suka rage a Paris ba su taka kara sun karya ba.

Sarauniya Margot ta zauna a ciki a 1605. Da Paris ta samu akbishop nata a 1622, sai gidan ya faɗa hannun 'yan haya: tashar keken doki, daga baya masana'antu. Suka ci moriyarsa, suka bar shi a lalace.

Hukumar birnin ta saye shi a 1911. Gyara ya ja har 1961, kuma gaskiya masu gyaran sun wuce gona da iri, domin wasu sassan sake gina su aka yi. Duk da haka ina ganin sun yi dacen abin da suka zuba a ciki: Laburaren Forney, wanda aka kafa a 1886 da wasiyyar attajiri Aimé-Samuel Forney domin kafintoci, masaƙa, maƙera da almajiransu su samu zane-zanen da za su koya. Yau yana ɗauke da littattafan fasaha, tsofaffin fastocin talla, katunan gaisuwa da samfurin yadudduka. Kowa na iya shiga ya karanta, ba a biyan ko sisi.