Tsadar Sabunta Na'urorin Lantarki a Ƙananan Jiragen Sama: Misalin Amurka

A cikin wannan takarda muna so mu duba abin da ke cin kuɗin mai ƙaramin jirgin sama idan ya tashi sabunta na'urorinsa na lantarki, watau rediyo da na'urorin neman hanya da waɗanda ke shaida wa matuƙi halin da jirgi yake ciki. Mun ɗauki misali daga Amurka, domin a can doka ta tilasta wa dubban masu jirage yin wannan aiki.

A shekarar 2010 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, watau FAA, ta kafa doka cewa daga ranar 1 ga Janairu 2020 jirgin da zai shiga sararin manyan filayen jirage, ko ya haura ƙafa 10,000, lalle ne ya ɗauki na'urar ADS-B. Ita wannan na'ura tana samun matsayin jirgi daga taurarin GPS, sa'an nan ta riƙa watsa shi kowace daƙiƙa ga masu kula da zirga-zirgar jirage.

Wanda bai san harkar ba zai zaci farashin na'urar shi ne dukan matsalar. Ba haka abin yake ba. Alal misali, jirgin Cessna 172 an fara ƙera shi ne a 1956, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke tashi har yau sun haura shekara arba'in. Idan makaniki ya buɗe bayan allon matuƙi, sai ya tarar da tsofaffin wayoyi cunkus, waɗansu ma na na'urorin da aka cire tun da daɗewa. Kafin ya sa sabuwa sai ya bi kowace waya ya gane inda ta nufa, ya kafa eriya, ya sake lissafin nauyin jirgin, ya rubuta kome a littafinsa. Bugu da ƙari, ba kowane makaniki doka ta yarda ya sa hannu ba, ita ma na'urar sai an amince da ita ga wannan samfurin jirgi. Duk waɗannan awoyi mai jirgi ne zai biya. Sau da yawa kuma, tun da an riga an buɗe allon, sai ya ce a canza sauran gaba ɗaya. A ganinmu nan ne kuɗi suka fi zurarewa, kuma da wuya su dawo duka ran da za a sayar da jirgin.

Hukumar ta lura masu jirage suna jan ƙafa, saboda haka a 2016 ta yi tayin mayar da dala 500 ga masu jirage masu inji ɗaya, ta kuma sake tayin a 2018. Amma abin da ya fi rage wahalar shi ne dabarar kamfanin uAvionix, wanda a 2018 ya sami amincewar na'urar skyBeacon. Ana ɗaura ta a bakin fiffike a gurbin fitilar da ke wurin, ta yi amfani da wayoyin fitilar, ba sai an taɓa allon ba. Sai dai tana aiki ne a zangon megahaz 978, wanda dokar ba ta karɓa daga ƙafa 18,000 zuwa sama. Can sai mai zangon 1090.