Bayan Ɗori, Wa Zai Mayar da Dattijo Kan Kekensa?

A ƙarshen watan Agustan 2025 labari ya bazu cewa Chris Froome, ɗan tseren keken Birtaniya haifaffen Nairobi, wanda ya lashe gasar Tour de France sau huɗu, ya yi mummunan hatsari yana atisaye a kudancin Faransa. Jirgi mai saukar ungulu ne ya kwashe shi zuwa asibiti a Toulon. Haƙarƙari biyar sun karye, huhu ɗaya ya sace, wani ƙashin baya ya karye, kuma likitoci suka tarar tantanin da ya lulluɓe zuciyarsa ya yage. Shekararsa 40. Bakin masu sharhi da yawa ya zo ɗaya: girma ya zo, ya jingine keke ya huta.

Wannan hukunci ya haɗa abubuwa biyu da ba su haɗu ba: komawa lashe gasa daban, komawa kan keke daban. Gaskiya ne tun da Froome ya daki bango a watan Yunin 2019 ya karya ƙashin cinya, bai sake lashe tsere ba. Amma cikin wata takwas ya dawo fagen tsere, a 2022 kuma ya zo na uku a hawan tsaunin Alpe d'Huez. Alejandro Valverde na Sifaniya ya fasa ƙoƙon gwiwa a 2017 yana da shekara 37, ya zama zakaran duniya a shekarar da ta biyo. Annemiek van Vleuten ta ƙasar Holan ta karya ƙashin baya wuri uku a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ta ci zinare a Tokyo tana da shekara 38. Shekaru na rage saurin warkewa, babu musu. Abin da ya dawo da waɗannan mutane shi ne watannin da suka biyo bayan raunin, suna hannun masu gashin ƙashi.

Froome yana da likitoci da kuɗi, ba shi ne damuwata ba. Damuwata dattijon nan ne mai shekara sittin da ɗoriya da kowane ɗan Arewa ya sani. Kekensa tsohon Rali ne ko Fonis, irin mai sanda a tsakiya, an naɗe sirdin da tsumma, an ɗaure kariyar da robar tayar mota. Da shi yake kai taki gona, da shi yake cin kasuwar ƙauye, da shi yake zuwa gaisuwar mutuwa. Ranar da mai babur ya hankaɗe shi ya karye, sai a kai shi wurin mai ɗori ko asibiti. Wata uku ko huɗu a ce Alhamdulillahi ƙashi ya kama. Daga nan 'ya'ya su yi shawara, su rataye keken a zaure ko su ba wani jika, su ce, "Baba, ka huta haka nan, mu za mu riƙa kai ka."

Niyyar mai kyau ce, amma hutun nan yakan zama cuta ta biyu. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007 ya kwantar da tsofaffi masu lafiya a gado kwana goma kacal, aka auna aka ga sun rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafa. To ina ga wanda ya yi wata uku a kan tabarma, ƙafa cikin karan ɗori? Cinyar takan tsotse har a ga bambanci da ɗayar da ido, gwiwa ta sandare ta ƙi lanƙwasuwa, jiki ya manta yadda yake daidaita kansa idan an yi tuntuɓe. Ƙashi ya haɗe, mutum bai warke ba. Shi ya sa a asibitocin da suka san aikinsu, tsohon da aka yi wa tiyatar karayar ƙugu ana ƙoƙarin tayar da shi tsaye washegari.

Gashin ƙashi a wurinmu an mayar da shi kamar na masu shanyewar ɓarin jiki kaɗai. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana da sashen, manyan asibitocin koyarwa ma haka. Amma dattijon da ke ƙauye mai nisan tafiyar awa uku, wa zai biya masa kuɗin mota sau biyu a mako? Wa ma ya gaya masa akwai sauran aiki bayan an cire filasta? Masu ɗori kuwa, ba na raina su, jama'a sun yarda da su kuma suna kusa. Sai dai karayar cinya da ta ƙugu a jikin tsoho ba ta hannunsu ba ce, tana buƙatar hoto da likita, kuma ɗaurin da ya matse har yatsu suka yi sanyi ko suka yi baƙi ya sha jawo yanke ƙafa. Wannan magana ya kamata a faɗe ta a masallaci da rediyo ba tare da kunya ba.

Abin takaicin shi ne keken da ake ƙwace masa yana cikin magungunansa. Ka leƙa ɗakin gashin ƙashi za ka ga keken motsa jiki a kafe a ƙasa, domin juya feda yana motsa gwiwa da ƙugu ba tare da ɗora musu nauyin jiki duka ba. Da shi ake farawa idan likita ya ba da izini, minti kaɗan, a riƙa ƙarawa. A haɗa da tafiya a ƙasa, don keke shi kaɗai ba ya ƙarfafa ƙashi. A duba ido, a auna jini da sukari, tunda jiri a kan keke ya fi raunin ƙafa hatsari. Sannan a fita fili, kamar filin makaranta da yamma, kafin a tunkari titi.

Keken ma sai an gyara masa. Jefa ƙafa ta bayan sirdi, ga kaya a kariya, shi ne abin da ke kayar da mai raunin ƙugu tun bai motsa ba. Keken da ba shi da sandar tsakiya ya fi masa, ko da an ce masa na mata ne. A sauke sirdi yadda tafin ƙafa zai taɓa ƙasa, a canza robar burki, a sa hular kwano. Tsoro kuma a ba shi haƙƙinsa. Wanda ya taɓa jin ƙashinsa ya ɓalle, gabansa zai faɗi duk lokacin da ya ji ƙarar babur a bayansa, kuma wannan ba ragwantaka ba ce.

Tsoron yana da dalili. A 2001 Ojo Maduekwe, ministan sufuri a lokacin, wanda ya yi ta kiran 'yan Najeriya su hau keke, motar bas ta hankaɗa shi cikin kwata a Abuja. Dariya aka yi aka wuce. Yau ana ta gina gadojin sama a Kano da Kaduna, amma ka nemi gefen hanya da aka keɓe wa mai keke ka gani.

Kwamishinonin lafiya na jihohi su ɗauki masu gashin ƙashi aiki, su tura su manyan asibitocin ƙananan hukumomi, ko da sau ɗaya a mako ne ranar kasuwa. Kada a sallami mai karaya sai an rubuta masa ranar dawowa da motsin da zai riƙa yi a gida, da Hausa, da boko ko ajami. 'Ya'ya kuma, kafin ku sayar da keken, ku kai Baba wurin likita ku tambaya ko zai iya komawa, da yaushe.