Jihohi 16 da ƙarar canjin kuɗi: abin da alƙaluma suka nuna

Jihohi 16 cikin 36 ne suka kai Gwamnatin Tarayya Kotun Ƙoli a watan Fabrairun 2023 kan sauya fasalin naira, wato kimanin kashi 44 cikin 100. Antoni Janar na Kaduna da Kogi da Zamfara ne suka fara shigar da ƙarar, bisa sashe na 232 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ba kotun hurumin sauraron rikici tsakanin jiha da tarayya kai tsaye. Edo da Bayelsa kuwa ɓangaren Gwamnatin Tarayya suka bi.

Daga cikin 16 ɗin, 13 gwamnonin APC ne ke mulkinsu a lokacin, jam'iyyar Shugaba Muhammadu Buhari. Sakkwato da Ribas da Abiya ne kaɗai na PDP a lokacin. Ba 'yan adawa ba ne suka ja ragamar ƙarar.

Shida daga jihohi bakwai na Arewa maso Yamma suna ciki: Kaduna, Zamfara, Katsina, Sakkwato, Kano da Jigawa. Binciken ƙungiyar EFInA na 2020 ya nuna kashi 68 cikin 100 na manyan mutanen shiyyar ba sa mu'amala da banki ko wata hanyar ajiya da rance, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 36 ne. A garuruwa irin su Kanya Babba da Ɓaɓura, hatsi da dabbobi da tsabar kuɗi ake cinikinsu. In takarda ta ɓace, kasuwa ta tsaya.

Babban Bankin Nijeriya ya ce a Satumban 2022 naira tiriliyan 3.23 ke yawo, kuma tiriliyan 2.73, kusan kashi 85, suna wajen bankuna. Da wannan ya kafa hujjar sauya fasalin naira. Zuwa Fabrairun 2023, alƙaluman bankin sun nuna kuɗin sun sauka zuwa kimanin biliyan 982. An janye kusan kashi 70 ke nan.

Kwana 57 aka ba jama'a, daga fitowar sababbin kuɗi ranar 15 ga Disamba 2022 zuwa wa'adin daina karɓar tsofaffin, 10 ga Fabrairu. A kan wa'adin shari'ar ta tsaya. Ranar 3 ga Maris 2023, alƙalai bakwai suka yanke hukunci da murya ɗaya, Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta: ba a ba da sanarwar da ta wadatar ba, ba a kuma tuntuɓi jihohi ba. Kotun ta ce tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 za su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba 2023.

Ba wannan ne karon farko da jihohi suka yi nasara kan Gwamnatin Tarayya a Kotun Ƙoli ba: shekara guda kafin nan, a Fabrairun 2022, jihohi 36 gaba ɗaya sun kayar da Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 10 kan kuɗaɗen kotuna da majalisun jihohi, alƙalai shida suka rinjayi ɗaya, sai dai kotun ta ƙi ba su naira biliyan 66 da suka nemi a mayar musu.

Ranar 29 ga Nuwamban 2023 Kotun Ƙoli ta ɗage wa'adin tsofaffin kuɗin har sai abin da hali ya yi. A wannan karon Gwamnatin Tarayya ce ta roƙa.