Tsohuwar Fijo Da Darasin Da Ke Cikin Injinta

Duk ɗalibin da ke bin titin Kano zuwa Katsina ta cikin Kankia, ko ya shiga ta Kusada ranar kasuwa, zai iya cin karo da tsohuwar Fijo 504 a jingine bayan wani gareji, tayoyinta sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Da yawa suna ganin ta 'yan gwangwan ce kawai. Amma wannan mota tana da tarihi, kuma wanda ya san kan aiki zai iya tayar da ita ta koma abin kallo.

An fara ƙera 504 a Faransa a 1968. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a masana'antarsa ta Kaduna, ta zama motar ma'aikata, 'yan kasuwa da direbobin haya. A wannan shekarar ce kuma Ove Andersson ya lashe gasar tseren Safari ta ƙasar Kenya da 504. A 1978 Jean-Pierre Nicolas shi ma ya lashe gasar da samfurinta mai ƙofa biyu, mai injin silinda shida. Ke nan motar da kakanninmu suka yi lodin buhunan gero da ita 'yar gidan zakarun tsere ce.

Ta ina ake farawa? Gogaggen bakanike ba ya fara da fenti. Zai shiga ƙarƙashin mota ya duba ko tsatsa ta ci ƙarfen da ke ɗauke da ita, domin gini a kan rubabben tushe asara ce. Daga nan sai inji: a sauke shi, a kwance, a wanke, a auna fistin da ringi, a canza abin da ya cinye. Sai kafireta, lagireto, kulochi da wayoyin lantarki. Kayan da ba a samu a kusa ba, akan nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Aikin mai gyaran bodi da mai fenti shi ne na ƙarshe. Irin wannan aiki yakan ɗauki watanni, kuma kuɗin kayan gyara kan zarce kuɗin da aka sayi motar.

A nan darasin fiziks na aji yake fitowa fili. Injin fetur yana aiki ne da bugu huɗu: ya shaƙi iska da mai, ya matse su, filogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta su tura fistin, sannan hayaƙi ya fita ta salansa. Masu yi wa mota kwaskwarima don ƙarin gudu suna neman iska da mai su shiga da yawa ne, ko su ɗora babban inji gaba ɗaya.

To amma akwai lissafin da ba a tsallakewa. Idan gudun mota ya ninka sau biyu, tazarar da take buƙata kafin birki ya tsayar da ita ninkawa take sau huɗu. Saboda haka wanda ya ƙara wa mota ƙarfi bai gyara birki, taya da shokozoba ba, makara ya haɗa wa kansa. Su Andersson sun yi tsere ne da hular kwano da bel, cikin motocin da aka ƙarfafa musamman, ƙarƙashin dokokin gasa. Wasan mota da wasu matasa ke yi a lokacin biki, a titin da yara da dabbobi ke tsallakawa, ba gwaninta ba ce, ganganci ne. Doka ma ba ta ba da lasisin tuƙi sai mutum ya kai shekara 18, kuma wanda ya canza inji ko launin mota sai ya gyara takardunta.

Shin wannan sha'awa tana kai mutum wani wuri? Ku dubi Jelani Aliyu, wanda ya tashi a Sakkwato yana zanen motoci. Ya yi karatu a Detroit ta Amurka, ya yi aiki da General Motors, inda ya zana siffar motar Chevrolet Volt. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya.

Don haka idan hutu ya zo, nemi izinin iyaye ka je wurin bakaniken unguwarku, ko da miƙa sufana ne. Ke ma ɗaliba ƙofar a buɗe take. Ku tafi da littafi da biro, ku zana kowane ƙarfe da aka kwance, ku tambayi sunansa da aikinsa, sannan ku kai tambayoyin da suka rage wurin malamin fiziks idan an koma makaranta.